Saniyar Ba'ana

"Kalma ɗaya ce fa, Ya Kaltum. Ki ce taki ce. Bakinki zai tsage ne?"

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa ce, ta Bulama? Shekara goma ke ke kwashe kashinta, ke ke ɗebo mata ruwa. Ranar ambaliya kowa ya ɗauki katifa da tukunya, ke igiya kika ɗauka."

"Kai ma keken da kake ja, shekara nawa ke nan? Ya zama naka?"

"Mai keke yana raye. Kullum da yamma ina ganinsa, har ya ishe ni."

"Mai saniya ma yana raye."

"A ina?"

Sai ƙarar tsintsiya a kan ƙasa.

"Shi ke nan. Tunda ba taki ba ce, ki shiga keke in kai ki Jiddari Polo, ki gaya wa 'yarsa saniyar ubanta tana nan yunwa za ta kashe ta."

Tsintsiyar ta tsaya.

"Habibu, fice mini daga gida."

Tun da ambaliya ta cinye katangar ƙasar da ke tsakanin ɗakin da nake haya da gidan Ya Kaltum, langa-langa aka jera a wurin. Langa-langa kuwa ba ta riƙe sirri. Ta nan nake jin tarin tsohuwar da asuba, da numfashin saniyarta, da ƙarar nono yana faɗawa cikin ƙwarya. Ta nan na ji wannan faɗan, rabi da Kanuri rabi da Hausa, tsakaninta da Habib, ɗan ƙanwarta, wanda shi kaɗai ya rage mata a dangi a duk faɗin Maiduguri.

Abin da ya haɗa su tallafi ne. An faɗa a rediyo, Bulama, mai unguwarmu, ya maimaita a ƙofar masallaci: gwamnati za ta taimaka wa masu shanun tatsa da ruwa ya yi wa ɓarna. Duk saniyar da aka huda wa kunne aka maƙala mata lambar roba, za a riƙa ba ta dusa da gurya da allura kyauta, mai ita kuma a riƙa tura masa wani abu a waya duk wata. Sharaɗin guda ne. Mai saniya ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a gefenta, ya ce tasa ce.

A duk layinmu na Gwange ba wanda ya kai Ya Kaltum buƙatar wannan dusa. Ruwa ya tafi da harawar da ta tara, wadda ke kasuwa kuma ta fi ƙarfin mai sayar da kindirmo a ƙwarya ɗaya. Saniyar, Kime, ja ce wur kamar yadda sunanta ya faɗa da Kanuri, amma jan ya fara komawa ruwan ƙasa, haƙarƙarinta ya fito, tozonta ya kwanta gefe kamar hular da aka zauna a kai.

Ya Kaltum doguwa ce, siririya, ta haura sittin. Tana da tsagen Barebari da shekaru suka kusa shafewa, da hannuwa manya irin na maza. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Idan an yi rasuwa takan je, ta yi gaisuwa a tsaye, ta ce ta bar dabba ba ruwa. Matan layin suna sayen nononta saboda ba ta taɓa zuba masa ruwa ba, amma ba wadda ke zama a tabarmarta. Sun ce ba ta da hira. Ba gaskiya ba ne. Ina jin ta ta langa-langa, tun daga asuba har rana ta fito, tana ba Kime labarin farashin gishiri, da wanda ya mutu a wane layi, da mafarkin da ta yi.

Asalinta wani ƙauye ne bayan Konduga. A can, idan mace ta rasa miji ba ta da ɗa namiji, mai garke yakan ware saniya mai shayarwa ya kai mata har turke. Nono nata ne, mai nata ne, amma saniyar da duk abin da ta haifa na mai ita ne. Malamai suna ce wa wannan maniha. Ba a mayar da ita sai mai ita ya zo da kansa ya kama igiya. Ka kai masa kafin ya nema, kamar ka ce masa alherinsa ya ishe ka ne.

Ba'ana ne ya kai wa Ya Kaltum Kime, kwana kaɗan bayan ta fita takaba. Maƙwabcinsu ne, yana da mata da 'ya'ya da garke. Duk Juma'a bayan sallah yakan biyo ta ƙofarta, ta shimfiɗa masa tabarma a waje inda kowa ke gani, ta kawo masa nono a ƙoƙo. Ya sha, ya dubi saniyar, ya ce tana kyau, ya tafi.

Na taɓa tambayarta ko ya taɓa yi mata maganar aure.

"Saniyarsa yake zuwa dubawa," in ji ta.

"Duk Juma'a?"

"Saniya ce mai kyau."

Ranar da yaran daji suka shigo ƙauyen da bindigogi, Ba'ana ya riga ya tura iyalinsa gaba a mota. Shi ne ya kwance mata Kime, ya raka su har bakin kwalta inda mutane suka yi jerin gwano zuwa Maiduguri. A nan ya miƙa mata igiyar, ya ce, "Riƙe ta, ina zuwa." Ya juya ya koma don ya koro garkensa. Da wannan igiyar ta shigo gari a ƙafa. An nuna mata sansanin 'yan gudun hijira, aka ce ba a shiga da dabba, ta juya. Wani kango ta samu a Gwange, ta kafa turke tun kafin ta rufa ɗaki.

Riƙon saniya a tsakiyar Gwange ba wasa ba ne. Ba makiyaya, ba fadama, sai kwata da leda. Idan lokacin barbara ya yi, takan ja Kime har kasuwar shanu ta roƙi dillalai. Maruƙa biyu leda ta kashe. Akwai wani ɗan bijimi da ya girma, wanda wata shekara aka wayi gari ba ya turke, kuma ba a yi mata maganarsa. Na ƙarshen an haife shi gab da ambaliya. Da ruwa ya shigo, ta saɓa shi a wuya kamar ɗan akuya, ta ja uwar, ruwa har ƙirji, suka fita. Ya tsira daga ruwan, amma bai tsira daga abin da ruwan ya bari ba. Zawo ya kama shi, ya mutu.

Irin waɗannan shanu ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu. Maraƙi ya mutu, hantsa ta rufe. Ya Kaltum ta sa aka feɗe shi a hankali, ta shanya fatar, ta cusa mata ƙaiƙayi, ta ɗinke, ta yi masa ƙafafu da sanduna. Kullum da safe takan fito da shi daga ɗaki, ta shafa masa ruwan gishiri a gadon baya, ta tsayar da shi a gaban uwar. Kime ta shinshina, ta yi wani ɗan gurnani can ƙasan maƙogwaro, ta fara lasa. Sai nono ya sauko.

Ranar da na fara gani, na zo sayen nono ne, na tsaya da kwanona a hannu. Abin ba ya ko kama da maraƙi. Wuyansa a karkace yake, inda ido yake ramuka ne, gashin bayansa ya ƙare saboda lasa.

Na ce, "Ya Kaltum, ba ta gane ba ɗanta ba ne?"

Ba ta ɗago daga tatsar ba.

"Saniya ce, ba wawuya ba. A gabanta ya mutu. Ta sani."

"To me ya sa take lasa?"

"Da me kike so ta yi da harshen?"

Mutanen layi sun ce tsoron Allah ne ya hana Ya Kaltum cewa saniyar tata ce. Liman ma ya taɓa kawo misali da ita a wa'azi kan amana. Ni ban musa ba, amma ban yarda shi ke nan ba. Mai tsoron amana yakan nemi mai ita. Ba'ana yana da 'ya, Muhsinat, tana aure a Jiddari Polo, kuma Habib ya ce Ya Kaltum ta san gidan, ta san launin ƙofar. Da take yawon talla da ƙwarya a ka, ta zaga unguwanni da yawa, amma ba ta taɓa bin hanyar Polo ba. Ya ce wata rana a babbar kasuwa sun hango Muhsinat tana tayin atamfa, tsohuwar ta durƙusa bayan buhunan barkono kamar mai neman allura, ba ta tashi ba sai da matar ta wuce.

Lissafin ba shi da wuya. Muddin Ba'ana yana raye, Kime aro ce, kuma aro ba ya komawa sai mai shi ya zo. Ranar da aka ce ya mutu, Kime ta zama gado, gado kuwa yana da masu shi. Idan kuma ta ce tata ce, ta ci amana, ta kuma binne shi da bakinta. Hanya ɗaya ce ke bar mata saniya da mutunci da mai zuwa duba saniya ranar Juma'a: ya kasance yana tafe. Shekara goma yana tafe. Ba wanda ya matsa mata ta zaɓa, sai da gwamnati ta zo da ɗan kunnen roba.

Duk da ta kori Habib, ranar huda kunne ta shirya. Na ji ƙamshin turaren wuta ta langa-langa, abin da ban taɓa ji daga gidan ba. Ta fito cikin lafaya ruwan toka mai layin ninki, ta goge wa Kime ƙaho da mai. Na tabbata da niyyar yin ƙarya ta fito, don mai zuwa faɗin gaskiya ba ya irin wannan shiri. Habib ya ajiye kekensa ya zo, ni ma na bi su.

Wani fili ne a bayan unguwa. Ban san Gwange tana da masu shanu haka ba. Ga tela, ga mai shayi, ga mai gyaran waya, kowa da saniyar da ya karɓo haya daga dillalai na wuni ɗaya. Telan layinmu ya riƙe igiya daga can ƙarshenta, duk lokacin da saniyar ta juya kai sai ya yi tsalle ya kama hularsa.

"Malam Madu, yaushe ka fara kiwo?" in ji Habib.

"Gadon gidanmu ne."

"To ka tsaya ta gaba mana, nan bayan harbi take yi."

"Kai dai ja kekenka."

Mai huda kunnen wani likitan dabbobi ne, Obadiah, mutumin kudancin Borno, gajere mai furfura a gemu. Rana ta dake shi, rigarsa ta jiƙe. Da layi ya zo kan Ya Kaltum, ya shafa wuyan Kime, ya buɗe bakinta, ya danna ƙugunta, ya girgiza kai.

"Wushe, sannu Mama. Wannan ta tsufa, kuma ta sha wuya. Amma yau dai na ga saniyar da ta san mai riƙe da ita."

Ya kama kunnen hagu. A gefen kunnen akwai tsaga biyu da ɗan yanka a sama, shaidar garken Ba'ana. Ya ɗora bakin abin hudar daidai tsakanin tsagogin. Ya Kaltum ta kama masa hannu.

"Ba nan ba."

"To, ɗayan." Ya zagaya ya kama na dama. "Taki ce ko, Mama?"

Habib ya taka mata gefen lafaya.

"Tana wajena."

"Na ga tana wajenki. Taki ce?"

"Ni nake tatsarta."

Obadiah ya saki kunnen, ya rage murya. "Mama, dubi filin nan. Kin ga wancan mai hular? Ko ta ina ake tatsa bai sani ba, kuma yanzu zai ce mini tasa ce. Ni ba alƙali ba ne. Ki ce e, in huda, ki tafi da buhunki. Saniyar nan ba za ta kai damina a haka ba."

Ta dubi kunnen hagun, ta daɗe.

"Ta Ba'ana ce."

"To Ba'ana ya zo."

"Ya yi tafiya."

"Idan ya rasu ne, magajinsa ya zo, duk ɗaya ne a wajenmu."

"Wa ya ce maka ya rasu?" Muryarta ta tashi har mutanen baya suka leƙo. "Ka ga gawarsa? Kai ka wanke shi?"

"Allah ya ba ki haƙuri, Mama."

Ta ja igiyarta ta fita daga layi. Habib ya tsaya ya riƙe ƙugu, sannan ya tofar da yawu ya bi wata hanyar. Muka dawo ni da ita da saniyar. A bakin layi wata a-kori-kura ta wuce mu shaƙe da buhunan dusa, Kime ta ɗaga hanci ta bi ta da kallo.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Ya Kaltum ta koma bin masu sayar da kankana da rake tana tsintar ɓawo, tana wanke shi ta yanka ƙanana. Ta sayar da tukwanenta biyu ta sayi dusa, ta ƙare. Nonon ya ragu daga ƙwarya zuwa ƙoƙo. Habib ya daina zuwa, ko da yake sau biyu na ga ƙullin harawa a ƙofarta da sassafe, da sawun keke a ƙasa.

Wata safiya ban ji ƙarar tatsa ba. Sai muryarta, ƙasa-ƙasa: "Tashi. Kime, tashi mana. Rana ta yi." Na zagaya. Saniyar tana kwance, ta yunƙura da ƙafafun baya ta koma. Ya Kaltum ta tsayar da maraƙin ƙaiƙayi a gabanta, ta shafa masa gishiri har yana ɗiga. Kime ta dube shi, ba ta miƙa harshe ba.

Labari ba ya wuya a Gwange. Kafin hantsi maza sun taru, a cikinsu har da mahaucin bakin titi, da wuƙarsa naɗe a tsumma.

"Ya Kaltum, gara a yanka tun tana numfashi. In ta yi mushe, an yi biyu babu."

"Ba ni da ikon yanka ta."

"To wa ke da iko?"

Ta tsaya tana kallon wuƙar, sannan ta dubi kunnen saniyar. A ganina a wannan tsayuwar ce abin ya ƙare mata. Ta iya riƙe aron mutumin da ke tafe, amma ba ta san yadda za ta gaya masa aron ya mutu a hannunta da yunwa ba, alhali dusa tana fili ana rabawa, kuma mai ikon karɓa tana Jiddari Polo.

Mazan suka zura itace biyu ta ƙarƙashin cikin Kime, wani ya kama wutsiya, aka yi kabbara aka ɗaga. Saniyar ta tsaya tana rawar ƙafa. Ya Kaltum ta juyo wajena.

"'Yar nan, kira mini Habibu a wayarki. Ki ce ya zo da keke."

Bayan la'asar suka dawo su uku. Muhsinat mace ce mai jiki, za ta yi shekara talatin da wani abu, da jakar hannu da takalmi mai tsini da bai dace da layinmu ba. Na koma ɗakina. Langa-langa ta yi aikinta.

Sai wani sauti kamar an shaƙe mutum.

"Tsagar Baba ce. Wallahi tsagar Baba ce. Ni nake riƙe masa kan maraƙi in zai yi." Ta yi kuka mai tsawo. Da ta tsagaita ta ce, "A ina kika same ta, Ya Kaltum?"

"Shi ya ba ni. Tun muna gida."

"Tun yaushe take nan?"

"Tun ranar."

"Wace ranar?"

"Ranar da muka fito. Shi ya raka ni bakin kwalta, ya koma koro garke."

"Ya koma?" Muryar ta canza. "Ke kika gan shi ƙarshe? Mun bi sansani-sansani. Mun je asibiti, mun je barikin soja, har Kamaru yayana ya je. Ba wanda ya ce mana ya koma. Kina garin nan?"

"Ina nan."

"Kin san inda nake?"

"Na sani."

Habib ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tsufa ne..."

"Kai yi mini shiru. Ina 'ya'yan da ta haifa?"

"Uku sun mutu. Ɗaya na sayar, na ciyar da ita." Ta yi tari. "Akwai sauran magana. Ki zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Shekara ta biyu da zuwanmu, na kai ta kasuwar shanu. Wani Bashuwa ya ga kunnen ya gane. Ya ce su suka tsinci gawar mahaifinki a hanyar rafi, kwana biyu bayan abin. Sun yi masa sallah, sun rufe shi a gindin wata tsamiya. Ya ce ba a taɓa fuskarsa ba."

Na matsa jikin langa-langa. Har numfashin saniyar ina ji.

"Kin sani," in ji Muhsinat.

"Na sani."

"Uwata ta mutu bara waccan. Har ta mutu ba ta yi takaba ba, ba ta san ko matar aure ce ita ko bazawara ba. Duk sallama aka yi a ƙofa sai ta gyara ɗankwali. Kina nan kina sayar da nonon saniyarsa, kin sani." Ta ja numfashi. "Don me? Ki gaya mini don me. Saboda saniya?"

Na kasa kunne sosai, don ni ma amsar nake jira. Ya Kaltum ba ta ba da ita ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki kama igiyar da hannunki. Haka ake yi."

Washegari mijin Muhsinat, Abdulnasir, ya zo da a-kori-kura da majiya ƙarfi. Mutum ne mai sanyin magana, ya gaishe da tsohuwar har ƙasa. Ya ce za a huda wa saniyar kunne da sunan magada, a kai ta garken wani ɗan'uwansa a hanyar Konduga inda ake sauke dusar tallafi, idan ta murmure sai a san yadda za a yi da rabon gado. Muhsinat ba ta fito daga gaban motar ba.

Da aka ɗora Kime, Ya Kaltum ta shiga ɗaki ta fito rungume da maraƙin ƙaiƙayi.

"Ku tafi da wannan. Ba ta sakin nono sai da shi. Gishiri kaɗan, a nan bayan."

Abdulnasir ya dubi abin, ya dubi matarsa ta gilashi, ya sosa ƙeya.

"Ki bar shi, Mama. Ai nonon ya ƙafe."

Motar ta tashi. Kime ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Ya Kaltum ba ta bi su bakin layi ba. Ta tsaya a tsakar gida da abin a hannu, sannan ta jingina shi da turke.

Daga baya Habib ya gaya mini an yi zaman makoki a Jiddari Polo, an sauke Alƙur'ani, mutanen ƙauyensu da ke warwatse a gari sun cika layin, har rumfa aka kafa. Ba a aiko wa Ya Kaltum ba.

Ni kuwa da safen da ya biyo bayan tafiyar saniyar, hannuna ne ya ɗauki kwano da kansa, sai da na isa ƙofarta na tuna. Ƙofar a buɗe take. Ta share tsakar gidan tas, ta kwashe kashin shanun, ta shimfiɗa tabarma biyu a inuwa, ta ajiye buta da ƙoƙon ruwa a gefe kamar mai jiran jama'a. Ba kowa a kan tabarmin. Ta saka lafayar nan ruwan toka, carbi a hannu. Da ta ji motsina ta taso ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kwanon.

"Babu nono, 'yar nan. An yi mini rasuwa. In gaisuwa za ki yi, ki shigo, ke ce ta farko."